Yadda ake rubuta labarin gyaran ƙwayoyin gado da zai gudana a makarantar kwana

Yawancin labaran kimiyya da sababbin marubuta ke ba ni in duba, tun a shafi na uku suke mutuwa. Wani likita ya kulle kansa a ɗakin gwaji, ya haɗa koren ruwa da ja a kwalba, ya tsira wa yaro allura, washegari yaro ya wayi gari yana ɗaga mota da hannu ɗaya yana jin abin da ke zuciyar mutane. Aljani ne wannan aka sa wa farar riga. Labaran aljanu kuwa muna da su masu daɗi, ba sai an ɓoye su a bayan allura ba.

Labarin gyaran ƙwayoyin gado yana kama zuciyar matashi ne idan abu guda tak aka canza a jikin jarumin, abin da hankali zai ɗauka, sannan aka jefa shi inda bambanci ya fi ciwo. A ganina babu inda ya kai makarantar kwana. Kaya iri ɗaya, abinci iri ɗaya, ƙararrawa ɗaya ke tashin kowa, kuma babu ɗakin da za ka shiga ka turo ƙofa. Ga yadda nake bi, da labari guda da zan riƙa ginawa a gabanka don misali.

Mataki na 1: Koyi kimiyyar daidai abin da labarin zai ci

Ba sai ka yi digiri ba, amma akwai abubuwan da dole su zauna maka.

A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinka akwai DNA, wani dogon rubutu mai haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Haruffan sun kai wajen biliyan 3 daga kowane ɓangare, an ɗaure su ƙunshi 23 daga uwa, 23 daga uba. A cikinsu akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000, kowace na ɗauke da umarnin yadda jiki zai ƙera wani abu.

Sikila, wato amosanin jini, harafi ɗaya ne ya kauce. A ƙwayar gadon da ake kira HBB, inda ya kamata a karanta GAG sai aka samu GTG. Shi ke nan. Wannan harafin shi ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 alhali na mai lafiya kan kai kwana 120. Ciwon ƙashin da ke sa yaro birgima da ihu a daren hunturu, da idon da ke yin ɗorawa, da yawan ƙarin jini, duk daga nan suka fito.

A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yi amfani da CRISPR-Cas9 a yanke DNA a daidai wurin da ake so, kamar almakashi mai adireshi. Sun sami kyautar Nobel a 2020. A Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da Casgevy, maganin sikila na farko da aka yi da wannan dabara, Amurka ta biyo baya a Disamba. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka yi nazari, domin a nan labari yake kwance. Casgevy ba ya taɓa harafin nan da ya kauce. Jariri yana zuwa duniya da wani nau'in sinadarin jini na cikin ciki wanda ba ya lanƙwashewa, shi ya sa iyaye ba sa ganin alamar sikila sai wajen wata shida, lokacin da hannu da ƙafa ke fara kumbura. Wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke kashe wannan jinin jarirantaka. Maganin yana lalata makunninta ne a ƙwayoyin ɓargo, sai jiki ya koma yin jinin da yake yi tun yana ciki. Kafin nan sai an ɗebi ƙwayoyin ɓargon mara lafiya an kai ɗakin gwaji, sannan a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya share tsohon ɓargon. Gashi yana zubewa, baki yana yin gyambo, ana kwana makonni a keɓe a asibiti, kuma yana iya hana haihuwa. Ɓarnar da ciwon ya riga ya yi, kamar ƙashin ƙugu da ya lalace, tana nan. Kuma wanda aka yi wa, a gado har gobe SS ne: duk ɗan da ya haifa sai ya ba shi S.

Ka ga tsugune ba ta ƙare ba. Marubucin da ya san wannan sakin layin ya riga ya sami babi biyar kyauta.

Mataki na 2: Canza abu ɗaya, ka yanke shawarar yaushe aka canza shi

Hanya biyu ce, kuma labarinsu ya bambanta ƙwarai.

Ta farko, a gyara mutum bayan an haife shi, kamar yadda na bayyana. Ya san rayuwar da, ya san ta yanzu, gyaran kuma a kansa ya tsaya.

Ta biyu, a gyara shi tun yana ɗan tayi, gyaran ya shiga duk jikinsa ya bi zuriyarsa. An taɓa yi. A Nuwamban 2018 He Jiankui, wani masani a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, ya sanar cewa an haifi tagwaye mata da ya taɓa musu ƙwayar gadon CCR5 don kare su daga ƙanjamau. Masana a duniya suka yi masa ca, kotu ta ɗaure shi shekara uku a ƙarshen 2019. Idan ka bi wannan hanya, jarumarka ba ta zaɓa ba, ba a tambaye ta ba, wataƙila ma ba ta sani ba sai a tsakiyar labari.

Ni dai ina ba mai farawa shawarar ta farko. Ta fi kusa da abin da ake yi yau, kuma yarinyar da ta san daɗin da wuyar rayuwa biyu ta fi abin faɗa.

Ka guji gyaran basira, tsawo ko kyau da allura ɗaya. Tsawon mutum kaɗai dubban wurare ne a DNA ke da hannu a cikinsa, ga abinci ga lafiyar ƙuruciya. Idan ka dage sai ka yi labarin "yaran da aka gyara su zama haziƙai", to ka sa kamfanin ya yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa: iyaye sun sayar da gona sun biya, yaro ya zo na goma sha bakwai a aji. Wannan labarin ma ya fi daɗi.

Mataki na 3: Sa shekara, ka amsa tambayar kuɗi

Shekara ashirin zuwa talatin nan gaba ta isa. Duniyar da ta yi nisa da yawa tana cinye shafuka wajen bayani. Ka bar garin kwaki da man shanu a akwatin ɗalibai, ka bar layin famfo da asuba, ka canza abu biyu ko uku.

Sai ka rubuta wa kanka, a takarda daban, amsar wannan: wa ke samun gyaran, kuma wa ya biya? Ana ƙiyasta cewa a Najeriya ana haifar jarirai wajen 150,000 masu sikila duk shekara, kusan mutum ɗaya cikin huɗu kuma yana ɗauke da S. Ko kuɗin ya sauko sau ɗari, ba kowa zai samu ba. A labarina na misali, wata gidauniya ce ke jefa ƙuri'a duk shekara ta ɗauki yara kaɗan a jiha. Jarumata Rabi, 'yar aji huɗu, sunanta ya fito. Ƙawarta Ummi, wadda suka shekara uku suna kwana gado da gado a ɗakin jinya na makaranta, nata bai fito ba.

Mataki na 4: Gano abin da jarumar ta rasa

Nan ne marubuta da yawa ke zamewa. Suna ɗauka labarin shi ne 'yan aji suna tsokanar ta, ita kuma tana kuka a bayan aji. Tsokana za ta zo, amma ita kaɗai ba ta riƙe littafi.

Tambayi kanka: kafin gyaran, ina ne wurin Rabi a makarantar? Tana da wuri. Ita ce wadda ba a sa ta leba, ba a sa ta tsallen kwaɗo, siniyoyi suna tsallake ta ranar duka. Metiron tana ajiye mata ruwan zafi. Su biyar ne masu sikila a hostel, suna da kusurwarsu a dainin, suna da barkwancinsu da ba mai ganewa, kowace ta san yadda ake matsa wa 'yar'uwarta ƙafa in ciwo ya tashi. Yanzu ta dawo bayan wata tara, kai a aske ƙarƙashin hijabi, ta rasa shekara guda don haka tana aji ɗaya da waɗanda da take aike. Masu lafiya ba su karɓe ta ba, don a wurinsu an taɓa ta. 'Yan kusurwa kuma in ta zo sai hira ta mutu. Ga tsintsiya an miƙa mata karon farko a rayuwarta, ba ta ma iya riƙe ta ba.

Rubuta jerin abu goma da jarumarka ta samu da goma da ta rasa. In jerin asarar ya gagare ka, ba ka san ta ba tukuna, kada ka fara babi na ɗaya.

Ka kuma ba ta nata laifin. Rabi tana jin daɗin tsayawa cikin ruwan sama, abin da aka hana ta tun tana rarrafe, kuma ta yi shi a gaban Ummi ba tare da ta tuna ba. Wani dare ta ji Ummi na nishi ta ja bargo ta rufe kanta, don sautin yana mayar da ita inda ba ta son komawa.

Mataki na 5: Raɗa mata suna

Babu makarantar kwanan da baƙon abu zai shiga ya kwana uku ba a raɗa masa suna ba, kuma sunan ya fi kowane dogon bayani nuna yadda jama'a ke kallon lamarin. Kada ka ɗauko kalmar littafi. Nemo ta daga abin da yaran suka sani.

A 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wanda aka sa masa ƙwayar gado daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa don ya kashe tsutsar da ke huda kwanson wake. 'Yar manomi ta san wannan waken, ta ji ana gardama a kansa a gida. Saboda haka Rabi ta zama "Waken Samaru". A kimiyyance ba haka ba ne, don shi wake an ƙara masa abu daga waje, ita kuwa nata aka taɓa. 'Yan aji huɗu ba ruwansu da wannan, kuma malamin bayoloji da ya tsaya gyara musu ƙara wa sunan farin jini kawai zai yi.

Mataki na 6: Rubuta fage, ka ɓoye darasin a ciki

Dokata ita ce: kada bayanin kimiyya ya wuce jimla uku a jere, kuma a faɗe shi lokacin da wani ke son cin gardama ko kare kansa. Duba wannan:

Layin tuwo ya kai bakin ƙofa. Rabi ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin da ke kan randa, Siniya Hajara ta riga ta.

"Waken Samaru, ina naki kofin?"

"Siniya, ai ba a ɗauka. A ɓargona aka yi."

"Haka kika ce. Ke da bakinki kika ce jinin jarirai aka sa miki."

"Nawa ne. Irin wanda nake da shi tun ina ciki, shi aka tayar."

"To Allah ya ba da lafiya," in ji Hajara, ta juye sauran ruwan a ƙasa ta tafi da kofin.

Rabi ta waiwaya kusurwa. Ummi na can ta dunƙule cikin rigar sanyi biyu, kofinta a gabanta. Da can sai ta ɗaga mata shi. Yau ta sunkuya tana tsince tsakuwa daga wake.

Mai karatu ya koyi cewa gyaran a ɓargo yake, ba ya yaɗuwa, kuma jinin nata ne, ba tare da an tsayar da shi gaban allo ba. Abin da zai tafi da shi kuwa kofin Ummi ne.

Ka yi amfani da agogon makaranta ya zama ƙashin bayan labarin: ranar dawowa, asambili, firef na dare, ranar ziyara, gasar wasanni tsakanin gidaje, jarrabawar ƙarshen zango. Kowanne fage ne da aka riga aka share maka. Ranar wasanni za a yi gardama ko ya halatta Rabi ta yi gudu, alhali ɗingishin ƙugunta bai bar ta ba. Ranar ziyara mahaifiyar Ummi za ta zo, ta riƙe hannun Rabi ta daɗe tana kallon farin idonta, ta ce, "Ikon Allah, 'yar nan kin yi jini," sannan ta juya tana gyara ɗaurin kwano don kada a ga fuskarta.

Mataki na 7: Bar manya su yi gardamarsu da gaskiya

A labarin Hausa ba za ka tsallake tambayar addini ba, mai karatu zai yi ta ko kai ba ka yi ba. Wani zai kawo ayar Suratun Nisa'i da ke magana a kan canza halittar Allah. Wani zai kawo hadisin da ya yi umarni da neman magani. Ka ba kowannensu bakin mutum mai hankali da ke ƙaunar Rabi: kaka a gefe ɗaya, malamar Islamiyya a ɗaya, ko akasin yadda mai karatu ke zato. Kada ka mai da labarin wurin ba da fatawa, ba aikinka ba ne, kuma kada ka mai da mai shakka jahili. Kakar da ta binne jikoki biyu tana da dalilin tsoron asibiti.

Sai maganar aure, wadda ko 'yar shekara sha shida ta san tana tafe. Gwajin jini kafin aure ya zama doka a Kano tun 2024, kuma kowa ya haddace lissafin: AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Rabi ta warke, amma in ta auri AS rabi da rabi ne. Wataƙila ma maganin share ɓargon ya rufe ƙofar haihuwar gaba ɗaya. Wa ya gaya mata? Mahaifinta ne ya sa hannu a takardar. Ranar da za ta gano ya san da wannan layin ya kuma sa hannun, ita ce tsakiyar littafinka, kuma kada ka mai da shi mugu: mutum ne da ya kwana a barandar asibiti sau ba adadi.

Mugu ɗaya da nake roƙon ka bari a gida shi ne likitan nan mai dariyar ƙeta da ke son mallakar duniya. An gaji da shi.

Mataki na 8: Rufe labarin a inda ka buɗe shi

Labarin matasa ba ya buƙatar a rushe gidauniya ko a canza dokar ƙasa. Tambayar da ka buɗe da ita ƙarama ce: a ina Rabi za ta zauna a dainin? Ita za ka amsa. Kada ka kashe Ummi don a yi kuka, hanya ce mai arha kuma masu sikila sun gaji da ganin kansu gawa a babin ƙarshe. Kada kuma ka sa sunanta ya fito a ƙuri'ar baɗi don kowa ya tashi da murna. A nawa, ciwon Ummi ya tashi cikin dare, metiron ba ta kusa, duk hostel an tsaya cirko-cirko, mutum ɗaya ce ta san a jiƙa tawul da ruwan ɗumi ba na sanyi ba, ta san inda ake dannawa da inda ba a taɓawa, kuma a karon farko tana da ƙarfin goya wani zuwa ɗakin jinya. Da safe ba su shirya ba tukuna. An dai matsa mata a benci.

Mataki na 9: Gwada shi kafin ka sake shi

Ajiye rubutun mako biyu, sannan ka karanta da babbar murya. Duk inda harshenka ya sarƙe, ko ka ji jimlar kamar daga Turanci ta taso, sake ta. Zaɓi kalma ɗaya ga kowane abu ka tsaya a kanta: in ka ce "ƙwayar gado" a babi na ɗaya, kada ta koma wani suna a na shida.

Sai ka nemi mutum uku. Ma'aikacin lafiya ko malamin bayoloji ya duba kimiyyar. Wani mai sikila, ko uwar mai sikila, ya duba ciwon, kuma in ya ce "ba haka ake ji ba", kada ka yi musu, gyara. Na uku 'yar shekara sha biyar da ke makarantar kwana yanzu, domin kalmomin hostel na zamaninka wataƙila sun tsufa, abin da kuke kira gabza su suna da wani sunan. Miƙa mata wayar ka zauna nesa kana satar kallonta. Shafin da ta ɗago kai ta duba saƙon WhatsApp, sa masa alama, can za ka fara yanka.

In za ka riƙa saki kashi-kashi a WhatsApp, Facebook ko Wattpad, gama rubuta aƙalla rabin littafin kafin kashin farko ya fita. Masu karatu za su matsa maka ka aurar da Rabi ga ɗan likitan tun a kashi na huɗu, kuma wanda bai san inda labarinsa ya dosa ba sai ya biye musu.